Samanja Chari Maigumeri: Yaron da Aka Kama a Garwa, Aka Sa wa Bariki Sunansa a Lakwaja

Duk wanda ya taɓa bin motar shanu ko ta albasa daga arewa zuwa kudancin Najeriya ya san Lakwaja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara. A garin akwai barikin soja da ake kira Barikin Chari Maigumeri. Direbobinmu da yawa sun san sunan a baki, amma in ka tambaye su wane ne mai sunan, sai su ce ai wani janar ne na zamanin da. To, ba janar ba ne. Samanja ne, kuma a nan wajenmu ya fara aikin soja, a arewacin Kamaru, cikin kakin Jamusawa. A nan Garwa aka kama shi a fagen daga a 1915, yana ɗan shekara 18 ko kusa da haka. Ni da nake zaune a garin nan ina saye da sayarwa tsakaninsa da Yola da Mubi, na ga ya kamata yaranmu su ji labarin mutumin nan, domin yaƙin da aka kama shi a ciki shi ne dalilin da ya sa yau ɗan Garwa ke cike takarda da Faransanci, ɗan uwansa na Mubi kuma da Ingilishi.

A wajajen 1897 aka haife shi, lokacin Rabe yana zaune a Dikwa yana mulkin Borno da bakin bindiga. Sunan Maigumeri yana nuni ne da garin Magumeri na ƙasar Borno. Haka aka saba a wancan zamani: magatakarda ya tambayi sabon soja sunansa da garinsu, ya haɗa su ya rubuta, shi ke nan ya zama Audu Katsina ko Garba Sakkwato har ya bar aiki. Mu ma a kasuwa ai haka muke kiran juna. Kuma Barebari ba baƙi ba ne a garin nan, ga unguwar Kollere nan tana shaida, kamar yadda Hausare ke shaidar namu kakannin.

Kafin yaron ya yi wayo an riga an yanka ƙasar da ya tashi a ciki. Tun 1893 Ingila da Jamus suka zauna can Turai suka raba Adamawa, Yola ta faɗa hannun Ingilishi, Garwa da Marwa da Ngaundare da Rai kuma hannun Jamus. Lamiɗo Zubairu bai yarda ba. Ingilishi suka fitar da shi daga Yola a watan Satumba na 1901, ya zo ya gwabza da Jamusawa a nan Garwa a watan Nuwamba, ya sake gwabzawa da su kusa da Marwa a Janairun 1902, duka bai yi nasara ba. Borno ma, bayan Faransawa sun kashe Rabe a Kusiri a 1900, kashi uku aka yi mata, Dikwa ta zama ta Jamus. A cikin wannan hali Chari ya shiga rundunar Jamusawa ta Kamaru a 1913, yana da shekara 16. Shekarar kuwa ta fari ce mai tsanani, ita ce ta haifi yunwar da Hausawa suka yi wa laƙabi da Kakalaba. A irin wannan shekara, aikin da za a ba ka abinci da tufa, a ƙarshen wata kuma a ƙirga maka kuɗi a hannu, ba abin rainawa ba ne. Duk wanda ya taɓa barin gida don ci-rani ya san wannan lissafin.

Wata goma na wuta a bakin Binuwai

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a Turai a watan Agusta na 1914, kafin watan ya ƙare ya iso nan. Rundunar Ingilishi ta taso daga Yola ƙarƙashin Laftanar Kanar Maclear, ta ƙetare iyaka, ta yi arangama da Jamusawa a Tepe ranar 25 ga wata, sannan ta doshi Garwa. Cikin daren 29 ga Agusta suka afka wa ɗaya daga cikin sansanonin da Jamusawa suka gina a kan tuddan garin, suka ƙwace shi. Da gari ya waye sai Jamusawa suka dawo da bindiga mai ruwa. Maclear kansa a nan ya faɗi, tare da wasu hafsoshinsa da sojoji masu yawa, sauran suka ja da baya har Yola.

Abin da nake so mai karatu ya tsaya ya duba shi ne su wane ne ke harbin juna a wannan safiya. Turawa a kowane ɓangare 'yan kaɗan ne, su ke ba da umarni. Masu riƙe da bindigogin kuwa, nan da can, Hausawa ne da Barebari da Fulani da sauran ƙabilun ƙasashen nan. Mai yiwuwa ne ƙwarai wanda ke cikin rami a kan tudu da wanda ke rarrafowa daga ƙasa sun taɓa cin kasuwa ɗaya.

Bayan wannan nasara kwamandan Jamusawa na Garwa, Kyaftin von Crailsheim, ya sa aka ƙara ƙarfafa sansanonin. An haƙa ramuka masu zurfi an kafa tsinin mashi a cikinsu an rufe baki, an ja waya mai ƙaya, an gina ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Wa ya yi haƙan? Talakawan garin da na ƙauyuka, wata da watanni. Har ƙarfin hali ya kai shi ya fita ya ƙetara ƙasar Ingilishi ya kai hari Gurin a watan Afrilu na 1915, Gurin ɗin nan dai da Modibbo Adama ya fara zama kafin Yola.

Ingilishi ba su sake yin gaggawa ba. Suka haɗa kai da Faransawa, Kanar Cunliffe ta wannan ɓangare, Kanar Brisset ta wancan, suka kewaye garin. Suka ciro wata igwa daga jirgin ruwan yaƙi mai suna Challenger, suka hau da ita Kwara, suka juyo Binuwai ta Lakwaja har Yola, sannan aka jawo ta zuwa nan. Faransawa ma suka kawo tasu babba. Daga 31 ga Mayu aka fara ruwan wuta, cikin dare kuma ana haƙa ramuka ana matsowa kusa. Da abin ya yi tsanani, sojoji baƙar fata da ke cikin sansanonin suka ƙi umarni, wasu suka ɓalle suka nufi kogi. Damina ta riga ta faɗi, Binuwai ya fara cika. Rahoton Ingilishi ya ce gawa wajen 70 aka tsamo daga ruwa. Ranar 10 ga Yuni 1915 aka ɗaga farar tuta, Turawa 37 da sojoji baƙar fata 212 suka miƙa wuya.

Chari yana cikin waɗanda Ingilishi suka kama a Garwa. Marubutan tarihin rundunar Najeriya sun ruwaito cewa kafin nan Jamusawa sun ba shi lambarsu ta jarumta, Iron Cross, saboda yadda ya yi yaƙi da Ingilishi ɗin nan da suka zo suka kama shi. Duk sanda na hau gadar Binuwai da damina na ga yadda ruwan ke murɗawa, waɗancan 70 ɗin nake tunawa. Samari ne irinsa, abin da ya raba su da shi kawai shi ne su sun zaɓi kogi a wannan dare.

Garwa na faɗuwa sauran suka bi: Ngaundare a ƙarshen Yuni, Banyo a Nuwamba, Yawunde ranar 1 ga Janairun 1916. Kyaftin von Raben ne kaɗai ya daɗe a kan dutsen Mora, sai 18 ga Fabrairu 1916 ya sauko. Daga nan masu nasara suka raba ganima. Garwa da Marwa da Ngaundare suka zama na Faransa, Dikwa da Mubi suka koma hannun Ingila.

Ya canza kaki

A 1917 Chari ya shiga Rundunar Najeriya ta Ingilishi, aka tura shi Afirka ta Gabas, ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, don ya yaƙi Jamusawa. Wato tutar da ya kare a kan tudun Garwa ita ya je yana harbi. Birgediya Cunliffe, wanda ya ci Garwa, shi ne ya jagoranci sojojin Najeriya zuwa can a ƙarshen 1916. Sun sha yunwa a bakin kogin Rufiji, har aka riƙa cin saiwar daji, a Mahiwa kuma, cikin Oktoban 1917, Janar von Lettow-Vorbeck ya yi musu mummunar ɓarna.

A nan ne hira kan yi zafi in na ba da labarin a rumfa. Wani zai ce wannan ai cin amana ne, jiya kana tare da mutum yau kana harbinsa. Ni ban ga haka ba. Amanar wa? Sarkin Jamus bai san akwai wani gari Magumeri ba, Sarkin Ingila ma haka. Babu ɗaya daga cikin tutocin nan biyu da ke tasa. Aiki ya ɗauka, ya yi shi da gaske har aka yaba masa, mai aikin ya karye, ya ɗauki wani. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mu da ke kwana da sefa a aljihun dama, naira a na hagu, mu gaida jandarma da safe mu gaida ɗan kwastan da rana, bai kamata mu ne za mu fara jifansa ba.

Amma fa kada a wanke aikin tas. Rundunonin nan ba don kare talaka aka kafa su ba. Da su aka ci ƙasashenmu, da su aka karɓi haraji, da su aka ƙone garin Satiru kusa da Sakkwato a 1906, da su aka murƙushe boren Egba a 1918. A arewacin Kamaru ma tsofaffi sun daɗe suna ba da labarin bulalar sojan Jamus. Shi ya sa a wancan zamani iyaye da yawa ba sa son ɗansu ya shiga soja, kalmar "ɗan bariki" ma har gobe ba yabo ba ce. Mutum yana iya zama jarumi a cikin rundunar da ba ta adalci ba. Ina ganin gara a faɗa wa yara duka biyun, su san da jarumtar, su san da wanda ya ci moriyarta.

Kafin shekarun 1920 su ƙare Chari ya kai matsayin babban samanja na Bataliya ta 3. Wanda bai san bariki ba zai ɗauka ƙaramin muƙami ne. Ina! Hafsoshin Turawa zuwa suke yi su yi 'yan shekaru su koma gida, samanja kuwa yana nan, shi ya san kowane soja da halinsa. Shi ne bakin Bature wajen sojoji, shi ne bakin sojoji wajen Bature. Fareti nasa ne, horon sababbi nasa ne. Da yake sojojin da iyalansu suke zaune a layin bariki, matan su ke dafa musu abinci, rigimar gida ma takan iso gabansa, sai dai tsakanin mata akwai magajiya, wadda ita ce shugabarsu. Duk wannan da Hausa ake yinsa, domin ita ce harshen rundunar, har hafsan Bature sai ya ci jarrabawarta. Daga nan muka samo soja da kofur da saje da samanja da hafsa da fareti, kamar yadda muka samo kumandan da jandarma daga ɓangaren Faransa. Sai dai akwai rufin da kan baƙar fata ba ya wucewa. Komai daɗewarsa a aiki, komai lambobin da ke ƙirjinsa, dole samanja ya sara wa ɗan saurayin laftanar da ya sauko daga jirgi jiya. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Najeriya muƙamin hafsa.

Da yaƙin Hitila ya zo, Chari ya haura shekara 40, amma da shi aka tafi. A 1940 aka kwashi sojojin Najeriya a jirgin ruwa zuwa Kenya don su yaƙi Italiya. Ranar 25 ga Fabrairun 1941 suka shiga Mogadishu, daga nan suka miƙe arewa, suka yi tafiyar fiye da kilomita 1,600 cikin wata guda har tsohon birnin Musulunci na Harar a ƙasar Habasha. A wannan yaƙi ne aka ba shi lambar jarumta ta Military Medal. Bayan sun dawo gida sun ɗan huta, sai Bama, inda Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta yaƙi Japanawa a dazuzzukan Arakan, yankin da yau ake kira Rakhine, ƙasar Musulmin Rohingya. Can babu hanyar mota, a ka ake ɗaukar kaya, abinci kuma daga jirgin sama ake jefo shi. Yana dab da shekara 50 a lokacin. An ambaci sunansa a rahoton yabo na yaƙin, an kuma ba shi lambar British Empire Medal. In kun taɓa mamakin sunayen barikokin Najeriya, to daga waɗannan wurare suka fito: Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Mogadishu a Abuja.

Na wannan gaɓar kogin

Yayin da Chari ke Habasha, garin da aka kama shi ma ya shiga yaƙin ta wata ƙofa. Ranar 27 ga Agustan 1940 Leclerc ya sauka Duwala ya karɓe Kamaru da sunan Janar de Gaulle, daga baya ya wuce Cadi ya haɗa rundunar da ta ratsa Sahara ta ci Kufra a Libiya a watan Maris na 1941. Mafi yawan sojojinsa baƙar fata ne na Cadi da Kamaru da maƙwabtansu. Man fetur da kayan yaƙi da yawa ta Binuwai suka hauro, a 'yan watannin da ruwa ke cika, aka sauke su a tashar jirgin ruwa ta Garwa, motoci suka kwasa zuwa Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Amma da aka zo shirya rundunar da za ta shiga Faris, a 1943, sai aka tsame kusan duk baƙar fatar aka bar su a baya.

Maganar fansho ta fi wannan ciwo. A ƙarshen 1959, ana gab da ba ƙasashenmu 'yancin kai, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon mazan jiya na Afirka a kan adadin da yake a lokacin. Na Bafaranshe yana ƙaruwa duk shekara, na wanda suka kwana rami ɗaya da shi yana tsaye cak. Wani tsohon saje ɗan Senigal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gwamnatin Faransa ta ba shi gaskiya a Nuwamban 2001, shi kuwa ya riga ya rasu tun 1996. An fara daidaita kuɗin a 2007, aka kammala a Janairun 2011. Ku lissafa da kanku nawa ne suka rage a raye daga cikin waɗanda suka ratsa Sahara a 1941.

In aka kwatanta da waɗannan, Chari ya yi sa'a. A 1953 yana cikin sojojin da aka kai Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, a shekarar kuma ya yi ritaya bayan shekara 36 a rundunar, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Hafsancin da bai samu yana cikin kaki ba, ya same shi ranar tuɓewa. A wannan shekara dai wani saurayi daga ƙasar Borno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila da cikakken muƙami. Shi ma yau akwai bariki da sunansa a Maiduguri. Shekara takwas bayan haka, a Fabrairun 1961, aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankin nan da Ingila ta karɓa bayan yaƙin Garwa, mutanen Mubi da Dikwa suka zaɓi Najeriya. Shugaba Ahmadu Ahidjo, ɗan garin nan, ya sa aka yi zaman makoki a Kamaru ranar 1 ga Yuni da aka miƙa yankin. Iyakar da muke tsayawa a bakinta da kayanmu ke nan.

Shi an san sunansa ne saboda ya rayu, ya daɗe, kuma Turawa sun rubuta shi a littafinsu. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a ɓangaren Ingila, galibinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, adadin ma yana iya kaiwa 350,000. Wannan fa ɓangaren da ya yi nasara ke nan.

Abin da ya rage yana cikin gidajenmu. Gidajen fatake da yawa, daga Yelwa da Hausare har Marwa da Kusiri, akwai wata tsohuwar adaka da aka ajiye lambobin kaka da littafinsa na sallama daga soja, in gara ba ta riga mu ba. Ku ciro su ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, ku tura wa 'yan uwa da ke Legas da Duwala da Jidda, don kada ya zama wuri ɗaya kaɗai yake. Ku tambayi tsofaffin mata, su ne suka fi riƙe wace shekara ya tafi, wace ya dawo, da abin da yake faɗa cikin barci. Kwanan baya wani maƙwabcina a kasuwa ya kawo mini irin wannan littafi na kakansa, na sojan Faransa, don ɗana ya karanta masa. Bangon ya cinye, amma ciki yana nan. An rubuta garinsu, da tsayinsa, da tsagar da ke fuskarsa, da ranar da ya hau jirgin ruwa da ranar da ya sauka. A wurin sa hannu kuwa dangwalen babban yatsa ne, tawadar ta koma ruwan ƙasa.